Kwali a Bakin Ƙofa: A Bi Ɓarawo, Ko a Daina Yasar da Kaya?

A mafi yawan unguwannin Amurka gida ba shi da katanga, ba shi da zaure, ba shi da maigadi. Daga titi sai ɗan fili mai ciyawa, sai matakala uku ko huɗu, sai baranda da ƙofa. Motar Amazon ko ta UPS ko ta FedEx za ta tsaya, direba ya sauko da kwali, ya dire shi a bakin ƙofa, ya ɗauki hotonsa da waya, ya koma mota. Sau da yawa ko ƙwanƙwasawa ba ya yi. A wajen kamfani, saƙo ya isa ke nan. Mai kayan kuwa yana wurin aiki, ba zai dawo ba sai yamma, kuma duk wanda ya bi ta titin nan idonsa na kan kwalin.

A watan Disamba na 2019 jaridar New York Times ta buga wani ƙiyasi cewa a birnin New York kaɗai saƙonni sama da 90,000 ke salwanta kullum, wasu an sace su, wasu ba a san inda suka shige ba. Wannan tun kafin annobar korona ta zaunar da mutane a gida ke nan, ta mai da sayayya ta intanet abin yau da kullum. Kuma ba kayan ƙawa kaɗai ake ɗaukewa ba. Akwai waya da kwamfuta, amma akwai maganin da likita ya rubuta wa mai ciwon suga, akwai madarar jariri, akwai kyautar da kaka ta aiko wa jikanta daga wata jiha. Ɓarawon bai san abin da ke cikin kwalin ba sai ya buɗe, abin da bai yi masa ba kuma ya watsar a kwata.

Babu mai jayayya cewa wanda ya hau barandar mutum ya sungumi abin da ba nasa ba ɓarawo ne. Inda aka rabu shi ne ta inda za a ɓullo wa lamarin. Wasu sun ce a sa wa ɓarawon ido, a kama shi, a tsananta masa hukunci har na baya su shiga taitayinsu. Wasu sun ce a fara da wanda ya dire kayan a fili ya yi gaba, a tilasta masa ya kai su hannun mai su, in ba haka ba asarar ta hau kansa. Ni na fi karkata ga na biyun. Amma na farkon suna da hujjojin da ba a tsallake su da sauƙi.

Babbar hujjarsu ta adalci ce. Mutum ya yi guminsa ya sayi kayansa, an kawo masa har cikin harabar gidansa. Don me za a ce shi ne zai sauya zamansa, ya riƙa tattaki zuwa wani shago ɗauko saƙo, alhali mai laifin yana yawonsa? Suna cewa jama'ar da ta koma tsara rayuwarta bisa yadda ɓarayi suke so ta riga ta miƙa wuya. Suna kuma nuna ƙananan garuruwa da yawa inda kwali ke kwana a baranda ba mai taɓa shi. In haka ne, in ji su, laifin ba na baranda ba ne, na mutanen da suka daina tsoron doka ne.

Suna da gaskiya cewa dokar tana da giɓi. A Amurka, satar wasiƙa ko ƙunshin da gidan waya na gwamnati ya kawo laifi ne na tarayya, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara biyar. Amma kwalin da motar kamfani mai zaman kansa ta kawo ba ya cikin wannan kariya. Shi sai dokar sata ta jiha, wadda ke auna laifi da darajar abin da aka sata. Kwalin dala talatin ƙaramin laifi ne, ko da mutum ya kwashe irinsa daga gida ashirin a yini guda. Wannan ne ya sa jihar Texas ta yi doka a 2019 wadda ta daina kallon kuɗin kayan, ta koma ƙirga gidajen da aka yi wa satar: ƙasa da goma ƙaramin laifi, daga goma zuwa sama babban laifi, daga talatin kuma hukuncin ya ƙara nauyi. Jihar Georgia ta biyo baya a 2021, ta ce wanda ya ɗauki saƙo uku ko fiye daga gidaje uku ko fiye ya aikata babban laifi. Oklahoma da Michigan da New Jersey da wasu jihohi su ma sun yi nasu.

Kuma ba a ce duk ɓarayin nan yaran unguwa ne da kwali ya ba su sha'awa ba. A 2024 an yi ta samun rahoton sababbin wayoyin iPhone da ake ɗaukewa minti kaɗan bayan motar FedEx ta ajiye su, kamar ɓarawon ya san ranar da sa'ar. Ashe ya sani. A watan Maris na 2025 masu gabatar da ƙara na tarayya a New Jersey suka tuhumi mutum 13 da kafa wata ƙungiya da ke tatso bayanan bin sawun saƙo, tana kuma ba wasu ma'aikatan shagunan waya cin hanci su faɗa mata wa ya yi oda da inda za a kai masa. Irin waɗannan sana'a suka ɗauki abin. Wanda duk ya ce kada a tsananta musu bai san zafin asara ba, kuma a nan ina tare da masu neman hukunci ɗari bisa ɗari.

Sai dai tsananta hukunci a takarda daban, kama mutum daban. Masu nazarin laifuka sun daɗe da gano cewa abin da ya fi hana mutum aikata laifi shi ne tabbacin za a kama shi, ba yawan shekarun da aka rubuta a doka ba. Cibiyar binciken shari'a ta gwamnatin Amurka ita kanta haka ta bayyana. To satar baranda tana cikin laifukan da ba a cika kama masu su ba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa ba su ma zuwa wajen 'yan sanda. Sukan shiga manhaja su ce kaya bai iso ba, a mayar musu da kuɗi ko a sake aiko wani, magana ta mutu. Wanda ya kai ƙara kuwa, ofishin da ke fama da kisan kai da fashi ba zai tura mai bincike kan belun kunne na dala arba'in ba. Abin da ke faruwa a ƙarshe shi ne, doka mai tsanani takan faɗa kan 'yan ƙalilan da tsautsayi ya rutsa da su, galibi matasa da masu shaye-shaye, a liƙa musu tambarin babban laifi wanda zai hana su aiki da hayar gida har tsufa, manyan kuma suna can suna sayar da kayan.

Daga nan masu ra'ayin farko sukan ce, to ai ga kyamara. Wannan ita ce maganin da ya fi karɓuwa, kuma labarinta abin lura ne. Wani mai suna Jamie Siminoff ne ya ƙera ƙararrawar ƙofa mai kyamara, wadda daga baya aka sa mata suna Ring. A 2018 Amazon ya saye kamfanin a kan kuɗin da aka ce ya kai dala biliyan ɗaya. Ga kamfanin da ya fi kowa dire kwali a bakin ƙofa, ga shi kuma shi ne ke sayar maka da na'urar da za ka yi gadin kwalin, har da kuɗin wata-wata in kana son a adana maka bidiyon. Ban ce da mugun nufi aka yi ba. Amma ya kamata mai saye ya lura da wanda aka ɗora wa nauyin gadin da wanda ke cin ribarsa.

Kyamara tana da amfani, ba a musun wannan. Tana gaya maka lokacin da saƙo ya iso, ka kira maƙwabci ya ɗauke maka. Tana ba ka shaida in kamfani ya ce ƙarya kake yi. Wani ɓarawon in ya hango ta yakan juya. An kuma sha kama mutane da ita, musamman in an haɗa da dabarar 'yan sanda, kamar yadda na Jersey City suka yi a Disamba 2018, suka riƙa ajiye kwalayen tarko masu na'urar bin sawu a ƙofofin mutane. Amma ta rage satar a unguwa baki ɗaya? A 2020 gidan talabijin na NBC ya tuntuɓi hukumomin 'yan sanda 40 da ke aiki da Ring, bai samu ƙwaƙƙwarar shaida cewa laifi ya ragu saboda ita ba. Dalilin a fili yake. Satar ba ta wuce daƙiƙa goma. Mutum ya ja hula ya rufe fuska, ya sa takunkumi, ya ajiye mota can nesa. Abin da kyamara ke bar maka shi ne bidiyon yadda aka yi maka sata, ka yi ta kallo kana ƙara jin haushi.

Akwai kuma abin da ake biya wanda ba kuɗi ba. Kyamarar ƙofa ba ƙofarka kaɗai take gani ba. Tana ganin titi, tana ganin gidan da ke kallon naka, tana ɗaukar maganar masu wucewa. A Ingila, a 2021, wata kotu a Oxford ta yanke cewa wani magidanci ya keta dokar kare bayanai saboda kyamarorinsa suna ɗaukar hoto da muryar maƙwabciyarsa. A Amurka, a 2022, Ring ya amsa wa Sanata Ed Markey cewa a cikin shekarar ya ba 'yan sanda bidiyo sau 11 ba da iznin masu kyamarar ba, da hujjar gaggawa. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta sa kamfanin ya biya dala miliyan 5.8 bisa zargin cewa ma'aikatansa sun riƙa leƙa bidiyon cikin gidajen mutane. Wanda ya sayi na'ura don tsare kwalin sabulu bai yi niyyar buɗe wa baƙo ɗakin kwanansa ba.

Abin da ya fi damuna ma bai kai ga kamfani ba, yana tsakanin maƙwabta ne. Bayan kyamarar kuma aka fito da manhajar da mutanen unguwa ke sanya bidiyon duk wanda ba su yarda da shi ba. Mai raba takardun talla, mai neman gidan da aka kwatanta masa, har direban da ke kai saƙo da motar kansa ba tare da rigar kamfani ba, duk an sha sanya hotunansu ana tambaya ko ɓarayi ne. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a Amurka baƙar fata ya fi saurin faɗawa cikin wannan zargi. Ɗan'uwanmu da ya je can karatu, yake kai saƙo da yamma don ya biya haya, shi ne fuskar da ke cikin bidiyon. A watan Afrilu na 2023, a Kansas City, wani dattijo ya harbi yaro baƙar fata ɗan shekara 16 don kawai ya danna ƙararrawar gidan da ba shi aka aike shi ba. Ba maganar kwali ba ce a ranar, amma irin tsoron nan ne, na ganin duk mai tunkaro ƙofa a matsayin maƙiyi. Mu da muka san abin da ihun "ɓarawo!" ke jawowa a tsakiyar kasuwa kafin a tsaya bincike, bai kamata mu raina wannan haɗari ba.

Sai masu ɗaukar doka a hannunsu. A Disamba 2018 wani tsohon injiniyan hukumar NASA, Mark Rober, ya ƙera kwalin tarko wanda in ɓarawo ya buɗe zai feshe shi da garin ƙyalƙyali da wari, wayoyi huɗu a ciki suna ɗaukar bidiyo. Miliyoyin mutane suka kalla suka ji sanyi a ransu, ko da yake daga baya shi da kansa ya sanar cewa wasu daga cikin ɓarayin da aka gani shiri ne da aka yi ba da saninsa ba, ya cire su. Na fahimci daɗin da wanda aka taɓa yi wa sata ke ji in ya ga haka. Amma daga ƙyalƙyali zuwa abin da ke raunata mutum taki ɗaya ne, kuma doka ta riga ta yi magana. A jihar Iowa wani manomi da matarsa sun gaji da masu fasa musu wani tsohon gida da ba kowa a ciki, suka ɗana bindiga a ƙofar ɗaki. Ta tashi da ƙafar wani da ya shiga satar tsofaffin kwalabe. A 1971 kotun ƙolin jihar ta tabbatar da cewa su biya shi dala 30,000, domin ran mutum da lafiyarsa sun fi dukiya, ko da ɓarawo ne. Tarko kuma ba shi da ido. Yaron maƙwabta ne zai iya ɗauka, ko direban da ya dawo gyara kuskuren adireshi.

To mene ne ɗaya ɓangaren ke cewa? Hausawa sun riga sun faɗa musu a taƙaice: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani malamin nazarin laifuka a jami'ar Middle Tennessee, Ben Stickle, ya zauna da abokan aikinsa suka duba bidiyon satar baranda guda 67. Suka ga yawanci da rana tsaka ake yi, a gidajen da ke kusa da titi, kuma kwalin ana hango shi daga hanya. Wato ɓarawon nan ba ya fasa ƙofa, ba ya haura katanga. Dama ya gani ya ɗauka. In an kawar da damar, yawancinsu ba za su koma fasa gidaje ba, domin wannan wani mataki ne da ke buƙatar wata irin zuciya.

Kuma damar ba daga sama ta faɗo ba, wani ne ya zaɓe ta. A da, kaya mai daraja sai an sa hannu ake bayarwa. In ba kowa a gida, a bar maka takarda ka je ka karɓa. Kamfanoni suka lissafa suka ga tsayawa jiran sa hannu da komawa gida sau biyu sun fi tsada a kan biyan ɗan abin da za a sace. Direban da aka ɗora wa ƙofa fiye da ɗari a yini, na'ura tana ƙirga masa minti, ba shi da lokacin jiran tsohuwa ta taso daga ɗaki. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Tsarin ne aka gina haka, kuma asarar da aka sa a lissafi ana mayar da ita cikin farashin da kowa ke biya. Abin da ba ya cikin lissafin shi ne mara lafiyar da ya kwana babu magani, da lokacin 'yan sanda, da rashin yardar da ta shiga tsakanin maƙwabta.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bambance waɗannan abubuwa biyu. Sun ce haddin sata ba ya tabbata sai an ɗauke abu daga ma'ajiyar da ta dace da irinsa. Wanda ya ɗauki abin da aka bari a fili ya yi laifi kuma za a hukunta shi, amma ba daidai yake da mai fasa rumbu ba. Sun kuma ce wanda aka ba amana, in ya yi sakaci da ita ta salwanta, shi zai biya. Ba su wanke ɓarawo ba, ba su kuma ƙyale mai sakaci ba. Dokar kare masu sayayya ta Birtaniya ta 2015 ta zo kusa da wannan: kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye ko wanda ya wakilta. In an dire a ƙofa ba da izninka ba aka sace, shagon ne zai nemo mafita. Sai fa in kai da kanka ka ce a ajiye maka a bayan tukunyar fure, a nan ka raunana hujjarka. A Amurka kuwa, da zarar an nuna hoton kwali a baranda, mayar da kuɗi yakan zama alfarma daga mai sayarwa. Manyan kamfanoni sukan yi, ƙananan shaguna ba kullum ba. Inshorar gida ma ba ta cika amfani ba, tunda kason da ake cewa mai gida ya fara biya da kansa yakan fi kuɗin kayan.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya tun da wuri. A Jamus kamfanin DHL ya fara kafa akwatunan ajiya masu kulle a bakin titi a 2001. A Poland kamfanin InPost ya fara nasa a 2009, yau akwai fiye da 20,000 a faɗin ƙasar, a ƙofar kantuna da gidajen mai da tsakiyar unguwanni. Saƙo ya iso, a turo maka lamba a waya, ka biya a hanyarka ta dawowa daga aiki ka buɗe ka ɗauka, ko da tsakar dare ne. Ga direba ma sauƙi ne, tsayawa ɗaya ya sauke saƙon mutum hamsin. Amazon shi ma yana da irinsu tun 2011, sai dai a Amurka ba su zama al'ada ba, domin an riga an saba wa mutane da cewa kawowa har ƙofa kyauta ne.

Mu a nan ba mu san wannan matsala da wannan siffa ba, kuma dalilin yana da amfani ga muhawarar. Ɗan aike a Kano ko Kaduna ba ya dire kaya a ƙofa ya tafi. Waya zai yi ta bugawa: "Hajiya, ga ni a bakin layinku." In ba ki nan, ki ce ya ba mai shagon kusa da gida, ko ya dawo gobe. Saƙon da aka sako a mota daga Legas, a tasha ake zuwa karɓa, direba ya ga fuskarka. Rashin lambar gida da rashin yarda da juna ne suka haifar da wannan, ba wata hikima ta musamman ba, amma sakamakon shi ne kaya ba sa zama babu mai su. Sai dai shi ma yana da nasa haɗarin, kuma ɗan aiken ne ke ɗauka. A 2017 an kashe wani mai kai saƙon Jumia a Fatakwal bayan wasu sun yi odar wayoyi da sharaɗin biya in an kawo. Don haka hannu da hannu ba ya nufin an rabu da mugu.

Masu sukar wannan ɓangare suna da abin faɗa, kuma wasu maganganun nasu suna da nauyi. Akwatin ajiya a bakin kanti ya yi wa matashi mai mota. Tsohon da ke tafiya da sanda fa? Mai keken guragu, da mai jegon da ba ta da mai riƙe mata jariri, da manomin da ke nesa da gari? Waɗannan su ne suka fi kowa buƙatar a kawo musu har ƙofa. Ga Japan ma, ƙasar da ta shahara da miƙa saƙo hannu da hannu da karɓa a kantunan unguwa, yanzu tana ƙarfafa ajiyewa a bakin ƙofa, saboda ƙarancin direbobi, musamman tun da aka ƙayyade musu awannin ƙarin aiki zuwa 960 a shekara daga Afrilu 2024. Komawa gida sau biyu aiki ne na ɗan adam, kuma wani ne zai yi shi.

Suna kuma cewa in aka ɗora wa mai sayarwa duk asara, maƙaryata za su samu kasuwa: mutum ya karɓi kayansa ya ce bai gani ba. Wannan yana faruwa. Sannan kamfani ba zai zauna yana asara ba, zai fara tantance unguwanni. UPS ya riga ya fito da wata manhaja a 2023 da ke ba kowane adireshi maki gwargwadon yiwuwar saƙo ya isa lafiya. Ana iya amfani da ita a ce wannan gida sai da sa hannu, wanda ba laifi. Ana kuma iya amfani da ita a ƙi kai wa unguwar talakawa kaya, ko a ƙara musu kuɗi, su da aka fi yi wa satar tun farko. Wannan abin tsoro ne na gaske. Dabarar da Amazon ya kawo a 2017, ta ba direba damar buɗe ƙofarka ya ajiye a ciki, ita kuma mutane da yawa sun ƙi ta, kuma ban ga laifinsu ba.

Duk da haka, in na auna, waɗannan matsaloli ne da ake iya gyarawa a cikin tsarin, ba dalilan watsar da shi ba. Maganin maƙaryaci yana nan: lambar sirri da ake turo wa mai saye, ba a miƙa kaya sai ya faɗe ta. Amazon yana yin haka a kan wasu kaya masu tsada, bankunanmu ma sun koya wa kowa irin wannan lamba. Tsoho da mai jego kuwa suna gida, su ba a bar musu kaya a waje suke buƙata ba, a ƙwanƙwasa a jira minti biyu suke buƙata, kuma wannan minti biyun ne kamfani ya ƙi biya. Wanda ya fi son a dire masa a baranda, a tambaye shi a fili lokacin da yake oda, ya zaɓa da saninsa, ya san abin da ya ɗauka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da direwa a waje ita ce ƙa'ida ga kowa, ba a tambaye ka ba, sannan in an sace a ce ka sayi kyamara.

Kafin dokoki su sauya, wanda ke zaune a irin waɗannan ƙasashe yana da abin yi. Ya sa a kai masa wurin aiki ko akwatin ajiya in abin mai daraja ne. Ya san maƙwabcinsa har ya iya cewa, "Don Allah in ka ga saƙona ka shigar min da shi." In an yi masa satar, ya fara duba ko an kai gidan da ba nasa ba, domin wannan yana yawan faruwa, sannan ya tuntuɓi wanda ya sayar masa, ba kamfanin da ya kawo kayan ba, tunda da mai sayarwar ya yi ciniki. Ya kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko da ya san ba za a kama kowa ba. Rahotannin nan ne ke nuna cewa gida goma a layi ɗaya aka yi wa, kuma a jihohi irin Texas da Georgia wannan ƙirgar ce ke mai da ƙaramar sata babban laifi a kan masu yin ta a matsayin sana'a. Bidiyon kuwa, in yana da shi, 'yan sanda zai miƙa wa, kada ya watsa fuskar mutum a Facebook alhali bai tabbatar ko direba ne ya dawo ɗaukar kwalin da ya ajiye bisa kuskure ba.